Ramin Ibn Battuta da Maƙwabtansa a Fuskar Wata



Ranar 29 ga Sha'aban, da an idar da sallar magariba, babba da yaro kowa yakan fito fili ya ɗaga kai yamma yana neman jinjirin wata. Haka ake yi kuma a ƙarshen Ramadan. Amma da zarar an ce wata ya tsaya, sai mu sunkuyar da kai mu koma harkokinmu, ba ma sake waiwayarsa sai daren da aka ɗauke wuta farin wata ya haska mana tsakar gida. Mun san lokacin tsayuwarsa da cikarsa da ɓatansa, amma fuskarsa ita kanta, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka ƙare mata kallo.

A wannan fitowa muna so mu ɗauki wuri guda ɗaya tak a wannan fuska, mu yi masa kallon tsanaki tare da ku. Wani ƙaramin rami ne mai faɗin kilomita 11, wanda tun shekarar 1976 yake ɗauke da sunan Ibn Battuta, matafiyin nan na birnin Tanja da ya taka ƙasar da take cikin Nijar ta yau a shekarar 1353. Dalilinmu shi ne, yaranmu suna dawowa daga makaranta da tambayoyi game da sama, wayoyin hannu kuma cike suke da hotunan wata masu ɗauke da bayanan da ba a san tushensu ba. Uba ko uwar da suka san labarin rami ɗaya tun daga tushe za su iya amsa wa yaro da gaskiya, kuma za su gane ƙarya idan ta shigo gida.

Inda ramin yake

Duk wanda ya dubi wata a daren 14 zai ga fari da baƙi-baƙi a jikinsa. Farin tsaunuka ne da tuddai, baƙin kuwa filaye ne shimfiɗaɗɗu. Masanan Turai da suka fara duban wata da madubin hangen nesa a ƙarni na 17 su ne suka kira waɗannan filaye tekuna. A shekarar 1651 wani malamin falaki ɗan Italiya mai suna Riccioli ya fitar da taswira, ya raɗa musu sunayen da ake kiran su da su har yau. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mare Fecunditatis da harshen Latin, wanda ɗalibanmu suka sani da Mer de la Fécondité a Faransanci, ma'ana Tekun Yalwa. Suna ne kawai, domin babu ko ɗigon ruwa a cikinsa. Narkakken dutse ne ya ɓullo daga cikin wata a zamanin da, ya malala ya cika wani babban kwari, sa'an nan ya daskare ya zama baƙin fili mai faɗin fiye da kilomita 800.

Tekun Yalwa yana gabashin wata, wato ɓangaren da yake fara samun haske a farkon kowane wata na Musulunci. Ramin Ibn Battuta yana cikin wannan fili, kudu kaɗan da tsakiyar wata. Da'ira ce cikakkiya wadda ba ta karkace ba. Bangonsa na ciki yana gangarawa zuwa wani daɓe mai faɗi, kuma bangon ya ɗan fi filin da ke kewaye haske, alhali daɓen baƙi ne kamar sauran filin. Kusa da bakinsa na yamma, a kan daɓen, akwai wani ɗan ƙaramin rami, alamar cewa wani dutsen ya sake faɗowa ciki daga baya.

Kilomita 11 ƙaramin abu ne a wata, amma ba ƙarami ba ne a ma'aunin ɗan Adam. Da a ce a ƙasarmu yake, mai tafiya da ƙafa zai yi fiye da awa biyu kafin ya ratsa shi daga baki zuwa baki, kewaye shi kuwa tafiyar yini ce, kimanin kilomita 35. Nisa ne ya ƙanƙanta shi a idonmu, domin tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,400. Hangen wannan rami daga nan kamar a ajiye ƙwandalar dala ashirin ne a nisan kusan kilomita guda a ce mutum ya gano ta.

Yadda ya samu

Galileo ne a shekarar 1609 ya duba wata da madubinsa, ya ga inuwar tsaunuka da ramuka, ya gane cewa fuskarsa ba sumul take ba. Daga nan aka shafe kimanin shekara 300 ana gardama a kan asalin ramukan. Yawancin masana sun ɗauka bakunan duwatsu ne masu aman wuta da suka mutu. Hujjarsu kuwa tana da ƙarfi: in duwatsu ne suke faɗowa daga sama, ai wasu za su zo a karkace su bar gurbi mai tsawo, to me ya sa kusan dukkan ramukan suka zama da'ira?

Amsar tana cikin gudu. Dutsen da ke yawo a sararin samaniya yakan riski wata da gudun kimanin kilomita 20 a cikin daƙiƙa guda, gudun da zai kai mutum daga Yamai zuwa Damagaram bai cika minti ɗaya ba. Abin da ya zo da irin wannan gudu ba ya haƙa rami kamar yadda diga take haƙawa. Yakan nutse ne cikin ƙasa ya tsaya nan take, ƙarfin gudun ya rikiɗe ya zama zafi da matsi, dutsen da wani sashe na ƙasar su narke ko su zama tururi, wurin ya tarwatse kamar an binne nakiya. Tarwatsewa kuwa kowane gefe take turawa daidai wa daida, shi ya sa ramin yake fitowa da'ira ko da dutsen ya zo a ɗan karkace. Shi ya sa kuma ramin yake ninka dutsen da ya haƙa shi sau goma zuwa ashirin a faɗi. A bisa wannan lissafi, dutsen da ya bar ramin Ibn Battuta faɗinsa bai wuce rabin kilomita zuwa kilomita guda ba. Ƙasar da aka tono takan zubo a kewaye ta zama tudun baki, sauran kuma ta fantsama nesa.

Wani masanin duwatsu ɗan Amurka, Gilbert, ya kare wannan ra'ayi tun 1893, ba a saurare shi sosai ba. Sai wajen 1960 Shoemaker da abokan aikinsa suka samo, a wani rami da ke jihar Arizona, wani nau'in ma'adini da ba ya samuwa sai ƙarƙashin matsin da dutse mai aman wuta ba ya iya kaiwa. Sa'an nan ƴan sama jannatin Apollo, tsakanin 1969 da 1972, suka kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata, aka ga da yawa daga cikinsu ɓaraguzai ne da zafin karo ya manne su wuri guda. Nan gardama ta mutu. Gani ya kori ji.

Girman rami shi yake yanke siffarsa. A wata, ramin da bai wuce kilomita 15 ba yawanci mai sauƙin siffa ne, baki da bango da ƙasa, kamar akushi. Wanda ya fi haka girma, bangonsa ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, sai ya zabtaro ciki hawa-hawa kamar matakala, tsakiyarsa kuma ta taso ta zama tsauni, kamar yadda ruwan randa yake tasowa a tsakiya in an jefa masa tsakuwa. Ramin Ibn Battuta yana cikin sahun farko.

Abin da ya hana shi shafewa

Mai karatu zai iya tambaya, in haka duwatsu suke faɗowa, ina namu ramukan? Ai duniya ta fi wata girma, ya kamata a ce ta fi shi shan jifa. Haka ne, ta sha, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Bambancin shi ne duniya tana goge tabonta, wata kuwa ba ya gogewa. An ƙirga ramuka fiye da miliyan ɗaya a wata waɗanda faɗinsu ya kai kilomita guda ko ya fi, alhali a duniya waɗanda aka tabbatar ba su wuce kimanin 200 ba.

Da farko, iskar da ta lulluɓe duniya garkuwa ce. Ƙananan duwatsu a cikinta suke ƙonewa, su ne muke gani da dare mu ce tauraro ya faɗi. Masu ɗan girma takan rage musu gudu, kamar dutsen nan mai kilo 18 da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a shekarar 1962, wanda bai bar wani babban rami ba. Manyan da iska ba ta iya tsayarwa kuwa, ruwan sama da koguna da rairayi su suke cinye gurbinsu sannu a hankali.

Muna da misalai biyu a maƙwabtaka masu kusan girman ramin Ibn Battuta. A Gana, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, akwai tafkin Bosumtwi. Ramin faɗuwar dutse ne mai faɗin kilomita 10 da rabi, shekarunsa sun ɗan haura miliyan ɗaya, kuma a lissafin duwatsu wannan jariri ne. Duk da haka ruwa ya riga ya cika shi, laka ta binne ƙasansa, daji da gonaki da ƙauyuka sun rufe bangonsa. A arewacin Cadi kuma akwai Aorunga, mai faɗin kusan kilomita 13, wanda ya fi Bosumtwi tsufa nesa ba kusa ba. Iskar hamada ta sassaƙe shi har sai daga sama ake gane zobbansa sosai.

A wata babu iska, babu ruwan sama, babu kogi, babu tsiro. Abin da yake cin rami a can shi ne wasu duwatsun da ke faɗowa, daga manya har masu ƙanƙantar ƙwayar rairayi, waɗanda suka niƙe saman filayen suka mayar da shi gari mai kaurin mita huɗu ko biyar. Wannan aiki ne mai tafiyar hawainiya, shi ya sa rami yake iya yin shekaru miliyan dubbai siffarsa ba ta ɓata ba. Kuma jifan bai ƙare ba. Kumbon LRO na Amurka, wanda aka harba a 2009, ya yi ta ɗaukar hotunan wuri ɗaya a lokuta daban-daban, kuma a 2016 masana suka sanar da sababbin ramuka fiye da 200 da suka bayyana tsakanin hoto da hoto. A daren husufin wata na Janairun 2019 ma, masu kallo a ƙasashe da dama sun ɗauki hoton wani ɗan walƙiya a jikin watan, dutse ne ya faɗa masa ana kallo.

Maƙwabta

Rami ba ya ba da cikakken labari shi kaɗai, sai an dubi abin da ke kewaye da shi. Ƙa'idar karatun mai sauƙi ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaɓe a kan yaɓe a jikin katanga ya san ta: abin da yake sama shi ya zo daga baya.

Kudu da yamma da ramin Ibn Battuta akwai wasu zobba a jikin filin da ba a ganin su sai hasken rana ya zo musu a kwance. Tsofaffin ramuka ne da narkakken dutse ya malalo ya binne, bai bar komai ba sai alamar bakinsu, kamar kufan gari da rairayi ya rufe. Waɗannan sun girmi filin.

Kimanin kilomita 170 arewa da shi akwai tagwayen ramuka, Messier da Messier A, masu sunan wani Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya a ƙarni na 18. Su ne suka karya ƙa'idar da'ira da muka ambata. Messier mai tsawo ne kamar ƙwai, daga abokinsa kuma wasu fararen layuka biyu suka miƙe yamma fiye da kilomita 100, kamar wutsiyar tauraro. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka cikin shekarun 1970 sun nuna cewa irin wannan siffa tana fitowa ne idan dutse ya zo kusan a kwance, ya shafi ƙasa kamar tsakuwar da yaro yake jefawa ta yi tsalle a kan ruwa. Da yake fararen layukan suna kwance a kan baƙin fili, mun san filin ya girme su.

A gabas, a gaɓar Tekun Yalwa, akwai Langrenus mai faɗin kimanin kilomita 130, da bango mai hawa-hawa da tsaunuka a tsakiya, cikakken misalin manyan ramuka. Mai sunan, Van Langren, shi ya fitar da taswirar wata mai ɗauke da sunaye a 1645, kuma shi da kansa ya sa wa wannan rami sunansa. Kusa-kusa kuma akwai ƙananan maƙwabta biyu da suka samu suna lokaci guda da Ibn Battuta: Lindbergh a arewa maso gabas, sunan Ba'amurken da ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai a jirgin sama a 1927, da Al-Marrakushi a kudu maso gabas, sunan wani masanin lissafi da falaki na Maroko a ƙarni na 13.

Shekarun filin shi kansa ba hasashe ba ne, an auna su. Ranar 20 ga Satumba 1970, kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 16, wanda ba kowa a cikinsa, ya sauka a Tekun Yalwa, kimanin kilomita 260 arewa maso gabas da raminmu, wato kamar tsakanin Maraɗi da Damagaram da ɗan ɗori. Ya huda ƙasa santimita 35, ya ɗebo giram 101, ya dawo da ita duniya ranar 24 ga watan. Wannan ne karo na farko da na'ura ita kaɗai ta kawo ƙasar wata. Abin da bai cika tafin hannu biyu ba shi ya nuna cewa dutsen wurin ya daskare kimanin shekara miliyan 3,400 da suka wuce.

Saura maƙwabci ɗaya, wanda ya shafi abin da muka faɗa tun farko game da hotunan waya. A kudu maso yamma, a ɗaya gaɓar, akwai ramin Goclenius, wanda ƴan sama jannatin Apollo 8 suka ɗauki hotonsa a Disamban 1968. Wasu dogayen tsage-tsage sun ratsa ƙasansa da bangonsa. Bayanin da masana suka bayar shi ne, nauyin narkakken dutsen da ya cika kwarin ya sa tsakiyarsa ta lotsa, gefen ya miƙe har ya tsage, kamar yadda daɓen ɗaki yake tsagewa idan ƙasan da ke ƙarƙashinsa ta zauna. Irin waɗannan tsage-tsage suna da yawa a gefen filayen wata. An sha yaɗa hoton ɗaya daga cikinsu ana cewa hukumar NASA ta gano alamar inda wata ya rabu biyu. Hukumar ba ta faɗi haka ba. Tsage-tsagen na sama-sama ne, zurfinsu ƴan ɗaruruwan mitoci, a jikin abin da faɗinsa ya kai kilomita 3,474. Abin da Musulmi ya yi imani da shi yana da madogararsa da malamai suka sani, ba ya bukatar a jingina shi da hoton da aka yi wa ƙaryar bayani. Hatsarin yana kan yaro. Ranar da malamin kimiyya ya nuna masa gaskiyar hoton, zai iya fara shakkar sauran abin da ya ji a gida, har da wanda yake gaskiya ne.

Mai sunan

Ba kowa yake raɗa suna a wata ba. Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ita take da wannan hurumi, kuma ƙa'idarta ita ce a sa sunan masani ko matafiyi mai bincike da ya riga ya rasu. Ƙananan ramuka a da ba su da sunan kansu, sai a ara musu sunan babban maƙwabci a ƙara harafi. Raminmu Goclenius A ake kiran sa. Cikin shekarun 1970, lokacin da ake zana sababbin taswirori daga hotunan Apollo, aka ba da dama daga cikin ƙananan sunayen kansu, shi kuma ya samu na Ibn Battuta a 1976. Bai shiga wurin a matsayin baƙo ba, domin tun taswirar Riccioli akwai sunayen malaman falaki Musulmi a wata, irin su Al-Battani da Al-Zarƙali da Al-Sufi da Al-Farghani, sai dai an rubuta su da lafazin Latin: Albategnius, Arzachel, Azophi, Alfraganus.

An haifi Ibn Battuta a Tanja a shekarar 1304, a gidan alƙalai. Ya bar gida a 1325 da niyyar aikin hajji yana ɗan shekara 21, bai sake ganin Maroko ba sai bayan shekara 24. Ya ratsa Masar da Sham da Hijaz da Iraƙi da Farisa da gaɓar gabashin Afirka da Indiya, ya yi alƙalanci a birnin Delhi da tsibiran Maldif. An kiyasta tafiyarsa duka da kimanin kilomita 117,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na nisan da ke tsakaninmu da ramin da ke ɗauke da sunansa, kuma a kan raƙumi da doki da jirgin ruwa da ƙafa ya yi ta.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ta shafe mu. A 1352 ya ƙetaro Sahara daga Sijilmasa ta Tagaza, garin gishiri, zuwa Walata, ya zauna a daular Mali zamanin Mansa Sulaiman, ya bi ta Tumbuktu da Gawo, ya iso Takadda a 1353. Masana tarihi suna danganta Takadda da kufan Azelik, a yankin Agadas, wajen Ingal. Ya bayyana yadda ake haƙo jan ƙarfe a wurin, a narka shi a gidaje, a zuba shi sanduna sirara da masu kauri, ana sayen nama da itace da siraran, hatsi da man shanu da masu kaurin. Ya ambaci ƙasashen da ake kai wannan ƙarfe, cikinsu har da Barno da wata ƙasa da masana da yawa suka karanta sunanta Gobir. Wannan yana cikin tsofaffin wuraren da sunan wata ƙasar Hausa ya fito a rubuce.

Da ya koma Fas, Sarki Abu Inan ya sa wani marubuci mai suna Ibn Juzayy ya rubuta labarin daga bakinsa, aka gama littafin da ake kira Rihla wajen 1355. Littafin ba ya rasa tangarɗa. Masana sun gano wuraren da marubucin ya ɗebo daga littafin Ibn Jubair da ya gabace shi, kuma suna shakkar wasu sassan tafiyar. Amma bayanin Mali da Takadda ya zama madogara ga duk mai nazarin tarihin yankinmu a wancan ƙarni. Fatake dubbai sun bi waɗannan hanyoyi kafin shi da bayansa, sun ga abin da ya gani, wasu ma sun fi shi sanin hanyar. Shi ya tsaya ya lura, sa'an nan ya sa aka rubuta. Wannan ne ya kai sunansa inda ya kai. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai matafiyin ya buɗe ido ya kuma riƙe alƙalami.

Yadda za mu duba

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daren 3 ko na 4 ga wata, bayan magariba. A lokacin ne rana take fitowa a Tekun Yalwa, iyakar haske da duhu tana ratsa filin, inuwa ta yi tsawo, kowane tudu da rami ya fito sarai. In an rasa wannan, sai daren 17 ko 18, lokacin da rana take faɗuwa a can. Daren 14 shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai neman rami, domin hasken yana sauka ne a tsaye babu inuwa, ko da yake a lokacin ne fararen layukan Messier suke fitowa.

A ƙasashenmu jinjirin wata yakan kwanta kamar kwale-kwale, haskensa a ƙasa. Mai fuskantar yamma zai ga wani baƙin tabo mai siffar ƙwai kusa da gefen ƙasa, ta hannun dama. Wannan Mare Crisium ne. Babban baƙin filin da ke hagu da shi shi ne Tekun Yalwa, kuma ido kaɗai yana ganin sa. Da tabaron hangen nesa mai ido biyu, in an jingina hannu a kan katanga don kada ya yi rawa, za a ga Langrenus a gefen filin. Ramin Ibn Battuta shi kansa sai da madubin hangen nesa, ko da ƙarami ne mai gilashin santimita bakwai ko takwas. Makaranta ko ƙungiyar unguwa za ta iya haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya ya wadaci yara da yawa. Gargaɗi guda: kada a taɓa fuskantar da shi ga rana, domin yana makantarwa nan take.

Wanda ba shi da ko ɗaya, akwai gwajin tsakar gida. A cika faranti da toka, a barbaɗa jar ƙasa mai laushi a sama, yaro ya saki tsakuwa daga tsayin kafaɗarsa. Zai ga rami da tudun baki da farar toka ta fantsama a kan jar ƙasa. In dare ya yi a haska farantin da tocila daga gefe, sa'an nan daga sama, zai gane da kansa abin da ya sa ake duban ramuka a daren 4 ba a daren 14 ba. Daga nan a ba shi littafi da fensir, ya riƙa zana watan kowane dare tun daga tsayuwarsa har cikarsa, yana rubuta kwanan wata da lokaci da abin da ya gani, ba abin da aka ce masa zai gani ba. Cikin kwana 14 zai samu littafin tafiyarsa na farko bai bar ƙofar gida ba.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuriya.